Ranar da Tsuntsaye Suka Bar Birnin Baure

Waɗanda suka riƙe wannan labari sun ce a Birnin Baure aka yi shi, a zamanin da gari ya tsallake ganuwarsa ya shiga cin daji.

A unguwar Marina akwai wani tela mai suna Nomau. Ɗinki ne sana'arsa, amma ba da shi aka san shi ba. Kullum in ya idar da sallar asuba ba ya komawa ɗaki, sai ya bi bayan gari yana kallon tsuntsaye da namun dawa. Ya san inda hasbiya ke kwana a jikin tsohuwar ganuwa, ya san fadamar da zalɓe ke tsayuwa da ƙafa ɗaya, ya san ramin yanyawa a bayan maƙabarta, da kwalbatin da tunku ya mai da gida tun da aka sare kurminsa. Bai taɓa ɗana tarko ba, ko danƙo bai taɓa riƙewa ba. In rana ta ɗaga ya dawo ya hau keken ɗinkinsa, yana taka shi yana ba matarsa Tasalla da 'yarsu Hajo labarin abin da ya gani, su kuwa su yi ta yi masa dariya.

Wata safiya a ƙarshen bazara ya fita ya ji garin tsit. Babu kukan kurciya, babu tsattsewa a saman masallaci. Ya je mangwaron da jemagu ke rataye, ya tarar da rassa fayau. Ya leƙa ramin yanyawa, ba kowa. Ko ƙadangare bai gani a jikin katanga ba. Kaji da awaki suna nan a gidaje, amma duk wata halitta da ba ta da ubangida a cikin mutane ta tashi.

Da farko mutane ba su damu ba. Sai lokacin zuwan shamuwa ya yi, ba ta zo ba. Hadari ya riƙa haɗuwa a gabas, ya yi baƙi, ya watse ba ko ɗigo. Rijiyoyi suka ja baya. A kwata kuma, inda mahauta ke yanka, babu ungulun da za ta kwashe abin da aka zubar, mushe ya yi ta ruɓewa a kwararo, ƙuda ya rufe gari. Daga nan amai da gudawa suka shigo. Masu haƙar kabari suka daina komawa gida cin abinci.

Ranar da ciwon ya kama Tasalla, Nomau ya zauna a gefen tabarmarta yana jiƙa mata leɓe da ɗan ruwan da ya rage. Ta buɗe ido ta dube shi.

"Malam, zaman nan ba zai tashe ni ba," in ji ta. "Hajo tana nan. Kai ka san gidajen tsuntsaye da namun dawa kaf. Je ka duba ko akwai wanda ya rage, ka tambaye shi laifinmu."

Ya ɗauka zafin ciwo ne ke magana, amma ya tashi ya fita. Ya zagaye duk wuraren da ya sani bai ga ko gashin tsuntsu ba. Da hantsi ya biyo ta bayan kwata, ya ji motsi a wata rumfa da mai ita ya mutu. Rumfar mai sai da kayan tsibbu ce, ga kawunan tsuntsaye a shanye, ga fatu a rataye. A ƙarƙashin benci akwai keji, a ciki wata tsohuwar ungulu, fiffikenta ɗaya a karye, ƙafarta ɗaure da waya. Ya durƙusa ya kwance ta.

Ungulu ta miƙe wuyanta ta ce, "Aminci ya tabbata gare ka, Nomau ɗan Adam. Na san takunka tun ina da ƙarfin tashi."

Nomau ya yi addu'ar da ta zo bakinsa, sannan ya amsa sallamar. Ya ce, "Iya, ina 'yan'uwanki suka tafi?"

"Magajiyar Dawa ta kira su gida, duk suka amsa. Ni kaɗai waya ta hana. In ka goya ni ka kai ni, zan tsaya maka a ƙofarta. Abin da za ta ce maka kuwa, ban lamunce ba."

Nomau ya tuɓe rigarsa ya goya ta a baya kamar jaririya. Ya ratsa gari da ita, mutane suna toshe hanci suna tofar da yawu, wasu na cewa ciwon ya taɓa masa kai. Ya ci gaba da tafiyarsa. Ungulu ta nuna masa tsohuwar kukar da ke bayan maƙabarta, ta ce ya shiga kogonta da baya, kada ya waiwaya. Ya shiga, duhu ya rufe shi, ƙasa ta zame daga ƙafarsa.

Ya faɗo a wata ƙasa mai jan sama, rana tana tsaye wuri ɗaya ba ta motsi. Iyakar ganinsa kututture ne, dubbai, kowanne yana tsatsar wani ruwa mai kama da jini. Da ya matsa sai ya ga waɗansu kututturan suna da fuskokin mutane, bakinsu a buɗe. Ya gane ɗaya, wani maharbi ne da ya ɓace daga garinsu.

Wani aljani ya taso daga tsakiyar filin, jikinsa baƙi ƙirin kamar gawayi, hayaƙi na fita daga haƙarƙarinsa. Ya tsaya gaban Nomau ya ce, "Ni ne mai tsaron itatuwan da aka kashe. Kowane kututture a nan ya bar marayu. Wanda zai wuce sai ya faɗi marayun wanda na nuna masa. In ya kuskure, ƙafarsa ta yi saiwa."

Ya nuna wani faffaɗan kututture. Nomau ya durƙusa ya duba. Ya ga ɓawon gawo ne, ya ga farin kashi ya bushe a gindinsa, da wani siririn gashi fari maƙale a tsaga.

"Wannan gawon bakin mashaya ne, ranka ya daɗe. Balbela ke kwana a kansa, in magariba ta yi sai ka ce an shanya masa fararen tufafi."

Aljanin ya nuna wani, mai rami a gefe, bakin ramin liƙe da busasshen laka.

"Wannan na cilakowa ne. Macen ke shiga, a liƙe ƙofar da laka, namijin ya riƙa miƙo mata abinci ta 'yar tsaga." Ya sa yatsa a ramin, ya taɓo ƙananan ƙasusuwa. Ya ce, "Tana ciki aka sare shi."

Hayaƙin jikin aljanin ya lafa. Ya ce, "Tana ciki, da 'ya'yanta. Wuce, ɗan Adam."

Suka yi ta tafiya har ƙishirwa ta tsage masa leɓe. Sai suka ji ƙara kamar ta ambaliya, Nomau ya yi sauri yana murna, ya tarar da kogi ne, amma ba ruwa ke gudu a cikinsa ba. Tarkuna ne da wayoyi da ragar kamun tsuntsu, suna birgima suna haɗa haƙora. Babu kwalekwale, babu gada.

Ungulu ta ce daga bayansa, "Duk tarkon da aka taɓa ɗanawa a ƙasarku nan yake gangarowa. Barewa ta ƙetare shi ranar da aka yi kira. Inda ta taka ne kaɗai ke da ƙasa."

Nomau ya tsugunna ya ƙura ido. Can ya hango ɗan tudun yashi a tsakanin wayoyin, da sawun kofato biyu a kansa. Ya taka. Ya nemi na gaba, ya tuna barewa ba ta tafiya a miƙe in ta tsorata, ya duba hagu, ya same shi. Haka ya yi ta tsalle da tsohuwa a bayansa, ƙarfe yana cizon iska kusa da ƙaurinsa. Saura kaɗan ya kai gaci ƙafarsa ta goce, wani tarko ya kama masa yatsun ƙafar dama. Ya ja, tarkon ya ja. Ya ciji leɓe ya fizge da ƙarfi, ya faɗa kan gaɓa, ya bar yatsu biyu a kogin. Ya yage bakin wandonsa ya ɗaure, ya tashi yana ɗingishi.

Gaba kaɗan sai ga ganuwa ta ƙaya, tsayinta ya wuce inda ido ke kaiwa. A wajen ƙofar ana cin kasuwa. Masu rumfunan birai ne da diloli, sun baza hajarsu a kan tabarmi kamar yadda masu kayan tsibbu ke yi a Birnin Baure. Nomau ya dubi hajar sau ɗaya ya kau da kai. Haƙoran mutane ne a jere, da tafin hannu busasshe, da kitson mace ɗaure da zare. Wani gwaggon biri ya kama hannunsa yana juyawa yana latsawa, kamar mai taya rago.

Wata ƙatuwar kura ta taso daga bakin ƙofa, birin ya sake shi. Ta shinshina jinin ƙafarsa ta ce, "Ɗan Adam ba ya shiga nan da ƙafarsa. A kan tabarma yake shiga, gunduwa-gunduwa."

Ungulu ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce, "Mai tsaron ƙofa, dube ni da kyau. Wannan ne ya kwance ni, ya goya ni a gaban mutanensa suna tofa masa yawu. Baƙona ne har ya gama magana da Magajiya."

Kura ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ja gefe. "Har ya gama magana," in ji ta.

Da Nomau ya shiga sai ya manta da ciwon ƙafarsa. Daji ne ɗanye shar, itatuwan da aka sare duk suna tsaye da ganyensu, ruwa na gudu a ƙarƙashi. Kowane reshe cike yake da tsuntsaye. Ga alhudahuda, ga tsirya, ga kanari, ga suda tana zuba surutu. Ga dinya da kirinjijiya a kan tafki. Ya ga yanyawar bayan maƙabarta kwance da 'ya'yanta, ya ga tunkun kwalbati, ya ga beguwa da damo da gada. Can kuma ga garken gauraka suna rawa, waɗanda rabonsa da ganinsu tun yana yaro a gonar kakansa. Hawaye ya zubo masa, bai share ba.

A tsakiyar dajin, kan wani dutse, Magajiyar Dawa ke zaune. Siffarta ta mace ce doguwa, amma gashin kanta tukkun gauraka ne, mayafinta fuka-fukai, idanunta ba sa ƙiftawa. Da ta ɗaga hannu, daji duka ya yi shiru. Nomau ya sauke ungulu, ya zube ya yi gaisuwa.

"Ranki ya daɗe, Uwar masu tashi da masu rarrafe. Daga Birnin Baure na zo. Ruwa ya ƙi sauka, mushe ya cika gari, muna binne mutane safe da yamma. Matata tana kwance. Na zo roƙo ne ki mai da mana 'ya'yanki."

Magajiya ta ce, "Na san ka, tela. 'Ya'yana sun sha ba ni labarin wani mutum da ke tsayawa nesa ya dube su ya tafi. Amma kai ɗaya ne. Sauran sun sare musu gidaje sun ƙona, sun zuba guba a mushe don su sami kan ungulu, sun kwashe ƙwai daga sheƙa. Ban aiko muku da ciwo ba, ban riƙe hadari ba. Nawa kawai na kwashe, abin da ya biyo baya naku ne."

"Gaskiya ne, ranki ya daɗe. Ba ni da abin kare mu. Amma akwai jarirai a cikin waɗanda ake binnewa."

"A ramin cilakowa ma akwai."

Nomau ya sunkuyar da kai. Sai tsohuwar ungulu ta ja fiffikenta ta matso gaban dutsen ta ce, "Uwa, ban taɓa roƙonki kome ba. A ba shi wani abu."

Magajiya ta dubi ungulu, ta dubi Nomau. Sannan ta ce, "Ba zan mai da su duka ba, kuma ba zan aika ko ɗaya ba sai an bar mini abin riƙo. A garinku abu ɗaya ne nake so, idon da ya dube mu bai yi kwaɗayinmu ba. Kowane ido, jinsi ɗaya. Kana da biyu. In ka ga dama ka ba da ɗaya ka koma da ɗaya, in ka ga dama ka koma da abinka duka, zan sa kura ta ƙyale ka."

Nomau ya tuna allura da zare, ya tuna fuskar Hajo. Ya ce, "Na dama, a ba mu shamuwa, don ruwa ya sauka."

"An ba ku. Ka tsaya nan?"

"Ruwa zai sauka a kan mushe, ranki ya daɗe, ya kwashe shi ya kai rijiyoyi. Na hagu, a ba mu ungulu."

Tsohuwar ungulu ta juyo ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. "Yi tunani, Nomau. Makaho da kunne yake rayuwa. Mu ba mu da waƙa, shamuwa ma haka. Ka zaɓi kanari ko kurciya, ka sami abin saurare a zaure."

"Kanari ba zai share kwata ba, Iya."

Magajiya ta ce, "To, an ƙulla. Muddin akwai ɗayansu a sararin garinku, alkawari na nan. Ranar da kuka ƙarar da su, kada wani ya sake biyo wannan hanya. Ɗaga kai ka yi kallonka na ƙarshe, ba zan gaggauta ka ba."

Ya tashi tsaye ya juya a hankali. Ya dubi tafkin, ya dubi rassan, ya bi kowane launi kamar mai zaɓen zare. A kan gauraka ya tsaya. Ɗaya ta buɗe fuka-fukai ta yi tsalle ta sauka, tukkunta yana rawa. Ya ce, "Ya isa."

Ungulu ta ce, "Ni zan yi. Bakina ya saba, ba zan daɗe ba. Kwanta."

Ya kwanta rigingine ya yi kalmar shahada. Ba ta daɗe ba, amma ƙarar da ya yi ta tashi tsuntsayen dajin duka.

Bai san yadda aka fito da shi ba. Ya dai ji iskar manyan fuka-fukai ta ko'ina, ana tura shi ana jansa, ƙasa tana sauyawa a ƙarƙashin tafinsa. Sai ya ji ɓawon kuka a hannunsa da warin garinsu. Wani abu mai sanyi ya faɗo masa a goshi, wani ya biyo, sannan sama ta buɗe. Ya ji mutane daga nesa suna kabbara. Ya zauna a gindin kukar, ruwa na wanke masa jinin fuska.

Masu dawowa daga jana'iza ne suka tsince shi, suka kai shi gida. Hajo ta tarye su a zaure. Ta kama hannunsa ta zaunar da shi, ta shiga goge masa fuska da gefen mayafinta.

Ya ce, "Kai ni wurin innarki."

Hannunta ya tsaya. "Baba, Inna ta rasu tun washegarin tafiyarka. An daɗe da yin bakwai."

Ya yi salati, ya sake yi. Ya ce, "Ta tambaye ni?"

"Ta ce in ka dawo a ba ka abinci, don ta san ba ka ci kome ba ka fita."

Ciwon ya janye daga Birnin Baure. Ungulaye suka share kwata da kwararo, shamuwa ta yi sheƙa a kan 'yan itatuwan da suka rage, aka yi shuka aka girbe. Nomau ya ba da labarin abin da ya gani da sharaɗin da aka gindaya, a masallaci da bakin kasuwa. Waɗansu suka gaskata, waɗansu suka ce ciwo ne ya cinye masa ido ya taɓa masa hankali. Aka sayar da keken ɗinkin. A shekarar farko ba wanda ya taɓa ungulu. A ta uku ya ji an ce an sake buɗe rumfar bayan kwata.

Bai daina fita da asuba ba. Hajo ke riƙe masa sanda, ko bayan ta yi aure ta haihu, takan zo ta kai shi bakin ganuwa su tsaya. Garin shiru yake, sai ƙarar babura da carar zakaru. Yakan ɗaga fuska sama ya kasa kunne, ba ya jin kome, sai ya tambayi labarin ungulu da shamuwa.

"Suna nan?"

"Suna nan, Baba. Sun cika sama."

Haka take amsawa kullum, da sauri, har da dariya a muryarta. Wata safiya bayan shekaru, da ƙafarsa ta yi nauyi har sai ya jingina da ganuwar, ya yi tambayar da ya saba. Ya ji ta juya gabas, ya ji ta juya yamma, ya ji ta taka gaba kaɗan ta dawo. Ɗan da ke bayanta ya yi motsi, ta jijjiga shi.

"Suna nan, Baba," in ji ta.

Nomau bai tambaye ta ko nawa ne ba. Ya miƙa mata bakin sandar ya ce su koma gida, rana ta fara zafi.